Shatin Yatsun Festy

Festy ya rasu ranar wata Alhamis, farkon watan Yuni, tsakanin mota da ƙofar kicin. Taku bakwai ne, na ƙirga daga baya. Ina tsaye ina ferayar dankali na ji an rufe ƙofar mota, na jira in ji ta gida, ban ji ba. Da na leƙa yana kwance a kan tsakuwa da takalmansa na roba, baƙar lakar fadama har gwiwa. Shekarunsa sittin da tara, talatin da shida a ciki ni ce matarsa.

Aka yi zaman makoki kwana biyu a falo, aka kai shi coci, aka binne shi kusa da uwarsa. Mutane suka yi ta cewa Nuala akwai dauriya. Ba dauriya ba ce, ban ji komai ba ne kawai. Na dafa shayi, na yanka burodi, na amsa gaisuwa, ina jin kaina kamar wadda aka bar wa tsaron gida kafin matar gidan ta dawo daga unguwa. Ɗanmu Cathal ya zo daga Ostareliya, ya yi kwana goma ya koma. Mako shida suka wuce, matar gidan ba ta dawo ba.

Takardar da aka kawo masa ya sa hannu kuwa tana nan bayan agogon kan murhu, inda Festy ya soke ta tun watan Maris.

Mu nan ƙauyen Derreen, ƙasar sanyi, gida ashirin da uku ne ke da rabo a fadamar bayan gari, kowane gida da yankinsa tun kakanni. Duk watan Mayu a je a yanko baƙar ƙasar tubali-tubali, a shanya, in ta bushe a kwaso. Da ita muke hura wuta har sanyi ya wuce. Ƙasar ba ta yankuwa sai an tsane ruwanta, shi ya sa kakanninmu suka tsattsaga mata lambatu ta ko'ina. Yanzu kuma 'ya'yanmu sun ce a toshe lambatun, ruwa ya koma inda aka kore shi, a daina yanka.

Dervla ce kan gaba a wannan magana, 'yar Malachy ƙanin Festy. Ta dawo daga jami'a ta kafa ƙungiyar raya fadama, suna taro a zauren da ke gefen coci. Yadda ta yi mana bayani, fadama in tana jiƙe tana riƙe iskar nan da ke ɗumama duniya kamar tukunya mai murfi, in ta bushe kuwa sakinta take yi dare da rana, ko ka hura wuta ko ba ka hura ba. Ta ce kuma jiƙaƙƙiyar fadama tana shanye ruwan sama, ba ta barin shi ya kwararo gaba ɗaya cikin kogin da ya shiga shagunan babban gari sau biyu cikin shekara biyar.

Gida ashirin da ɗaya suka sa hannu a takardar amincewa. Kada ku ɗauka duk son duniya ne ya kama su. Rabinsu sun daɗe da sa na'urar ɗumama gida, rabon su da fadama tun gashin kansu yana baƙi. Saura mutum biyu, Festy da Malachy, kuma yankunansu su ne suka sa bakin babban lambatu a tsakiya. In ba a toshe nan ba, toshe sauran wahalar banza ce.

Ranar da Dervla ta kawo takardar, Festy ya jira ta fita sannan ya fara.

"Wato ni da shebur ɗina ne muka narkar da ƙanƙarar duniya? Jirgin sama nawa ya wuce ta kan gidan nan yau? A je a ba su takarda mana."

"Ni ban san ƙanƙara ba," na ce. "Na dai san rabon da in ji kukan tsuntsun nan mai lanƙwasasshen baki shekara tara ke nan. Na kuma san wutar da ta kama fadama shekarar fari, kwana goma sha ɗaya tana ci ta ƙarƙashin ƙasa."

"To je ki auri tsuntsun."

"Da ya fi ka jin magana."

"Ubana ya yanka a nan, kakana ya yanka. Yarinyar da na koya wa ɗaure takalmi ce za ta ce mini in daina?"

"In ba ka sa hannu ba, bana ba zan cafe maka ba."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Za ki zo. Shekara talatin da shida kina cewa ba za ki zo ba."

Yanka irin na da, wanda Festy bai taɓa bari ba ko da kowa ya koma hayar mai inji, aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana cikin rami da shebur mai kunne, ya yanko tubali ɗanye ya wurgo sama. Ɗayan yana baki, ya cafe da hannu biyu, ya ɗora a baro, ya kai ya shimfiɗa. Shi yana wurgowa, ni ina cafewa, haka muka yi tun ina amarya. Kwana takwas muke yi mu gama na shekara, kuma yawancin faɗanmu da shirinmu a bakin ramin nan muka yi su.

Bana ban je ba. Kullum da safe sai in cika masa fulas da shayi, in naɗe masa burodi da naman alade, in miƙa masa ba tare da na dube shi ba. Shi kuma ya karɓa ba tare da ya tambaye ni ba. Taurin kai ya gamu da taurin kai. Shi kaɗai yake yankawa, ya wurgo baki, ya hauro, ya ɗauka, ya tura baro, ya koma ya sauka. Aikin kwana takwas ya kai mako uku bai ƙare ba. Likita ya ce zuciya ce. Ba wanda ya ce mini komai game da baro da hawa da sauka, amma garin nan ba wanda bai san ban je ba.

Ƙarshen watan Yuli Dervla ta zo da rana tsaka, ta kawo mini burodin da uwarta ta gasa. Ta zauna tana juya cokali a kofi har na gaji da ƙarar.

"Faɗi abin da ya kawo ki, kafin ki huda mini kofi."

"Anti Nuala, wallahi ba na son in yi maganar nan yanzu."

"Amma ga shi za ki yi."

"Motar haƙa da za ta toshe lambatun za ta iya shiga fadama ne kawai kafin ruwan Satumba. Bayan nan nutsewa za ta yi. In ba mu shirya ba za a kai ta wani gari, kuma ban san shekarar da za ta sake zagayowa kanmu ba." Ta dubi agogon kan murhu, ta ɗauke kai da sauri. "Yankin Baffa Festy yanzu naki ne."

"Ubanki fa?"

"Baba ya ce abin da yayansa ya ƙi har ya shiga ƙasa, shi ba zai yi ba. Rabonsa da yi mini magana tun ranar jana'iza. In yana son gishiri a tebur, Mama yake ce wa ta ce mini in miƙo."

Ya kamata in ji tausayinta. Ni na yi renonta lokacin da uwarta ke aiki a asibiti, na san idonta in tana daf da kuka. Na duba cikina na ga babu komai, kamar ka buɗe firiji ka tarar an kwashe. Na ce mata zan duba, na ƙara mata shayi.

Gaskiyar magana ita ce na san abin da nake so tun watan Maris, ni ce ma na fara so. Amma sa hannu a lokacin nan ya zame mini kamar in jira mutum ya kwanta sannan in ci gardamar. Ƙin sawa kuma ba zai tashe shi ba. Sai na bar takardar a bayan agogo, kullum in share ƙura ta gefenta.

Malachy ya zo bayan kwana uku. Shi ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, turawa yake yi da kafaɗa kamar sa.

"Matar yaya, kina raye?"

"Ga ni dai."

"Na ga motar yarinyar nan a ƙofarki."

"Yarinyar nan tana da suna, kai ka raɗa mata."

"Ba wannan ya kawo ni ba." Ya cire hula ya sake sawa. "Asabar ta sama za mu kwaso tubalin Festy. Na gaya wa mutane."

Al'adarmu ce. Mutum in ya mutu ya bar tubalinsa a fadama, gari ne ke kwaso wa matarsa, gayya guda, rana guda. Ba a roƙo, ba a godiya da baki. Abin da ke kan matar kawai shi ne ta kai shayi da burodi fadama da kanta in rana ta take. Ni kuwa rabona da hanyar fadama tun bara, kuma ban yi niyyar sake bin ta ba.

"Sai in aiko da shayin," na ce.

"Ki aiko wa? Uwarmu da sanda ta kai na ubanmu." Ya tsaya a bakin ƙofa. "Kuma Nuala, takardar nan. Kin san abin da ya ce."

"Ina wurin ya faɗa."

"To."

Asabar ta zo da rana mai kyau, irin wadda Festy ke cewa asara ce a ɓata ta a coci. Na cika fulas huɗu, na yanka burodi uku, na shafa man shanu. Da zan fita sai na zaro takardar daga bayan agogo na sa a ƙasan kwando. Ban yanke komai ba. Na dai gaji da ganinta ne.

Na tarar da mutum kusan ashirin, da tarakta biyu. Waɗanda suka sa hannu, waɗanda Festy ya kira 'yan amshin shata a zauren coci, duk suna nan sun sunkuya suna tsintar tubalinsa. Dervla tana can ƙarshen layi, ubanta yana wannan ƙarshen, fadamar duka a tsakaninsu. Packie Durkan, tsohon maƙwabcinmu da ba ya iya ganin shiru ya ƙyale shi, shi ya fara hango ni.

"Ga shayi! Jama'a ku ajiye, an zo ceton rayuka. Nuala, na rantse miki mijinki ya yanka wannan ne don ya karya mana baya. Ko a kabari mutumin nan bai daina ba mu aiki ba."

"Bayanka ya karye tun kana ɗan talatin, Packie, ranar da ka ji labarin aiki."

Aka yi dariya. Ni ma bakina ya yi abin da ake yi. Na zuba shayi, na rarraba burodi, ƙananan ƙudajen fadama suna cizon wuyana, ko korarsu ban yi ba.

Da suka zauna ci, sai na taka zuwa yankinmu. In tubali ya ɗan sha iska a kwance, akan tashe shi a jingina su tsaye kamar 'yan bukkoki don iska ta ratsa. Layukan farko na Festy ne, ko daga nesa na sani: shida a tsaye, ɗaya a kai, duk sun miƙe kamar 'yan makaranta. Daga tsakiya kuwa aikin ya canza. Biyar-biyar, a karkace, wasu sun zube an sake tayarwa. Festy bai kai ga jingina waɗannan ba, kuma da an bar su a kwance tun Yuni da sun ruɓe.

Na sunkuya na ɗauki ɗaya.

Ɗanyen tubali laushi gare shi kamar man shanu. Wanda ya cafe, yatsunsa kan nutse a gefe biyu, in ya bushe shatin ya zauna har ranar da za a sa shi a wuta. Shekara talatin da shida duk tubalin da ya shiga murhunmu da shatin yatsuna ya shiga, har na daina ganinsa. Wannan da ke hannuna ramukansa manya ne, masu zurfi, na hannun dama guda uku ne kawai da rabi, domin ƙofar tirela ta cinye masa kan ƙaramin yatsa tun kafin mu yi aure. Na ɗauki wani. Na ɗauki na uku. Duk fadamar nan, dubbai, kowanne da hannun Festy a jikinsa, wurin da nawa ya kamata ya kasance.

Na tsaya ina jira wani abu ya taso mini. Ba abin da ya taso. Na lura dai cewa igiyar takalmina ɗaya ta kwance.

Malachy ya zo ya tsaya a bayana da kofinsa.

"Kai ka jingina waɗannan," na ce.

"In ji wa?"

"Biyar-biyar, kuma duk sun karkace. Aikin malalaci ba ya ɓuya."

Bai rama ba. Malachy da ba a taɓa faɗa masa ɗaya bai mayar da uku ba. Ya zubar da sauran shayinsa a ƙasa, ya daɗe yana kallon inda ya zuba.

"Ya zo wurina, matar yaya. Wata Litinin da safe, mako na biyu. Ko injin mota bai kashe ba. Ya ce, 'Malachy, matar nan ta shiga yajin aiki, zo ka cafe mini kwana uku mu gama.' Na ce masa bayana na ciwo. Na ce ya kira mai inji kamar kowa, ya daina wahalar da jama'a." Ya share hanci da bayan hannu. "Bayana lafiyarsa ƙalau. Kasuwar shanu nake son zuwa. Kuma ko saniya ɗaya ban saya ba."

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Allah ya ba ka lafiya.' Ya ja motarsa."

Wani ƙuda ya sauka a bakin hularsa, na tsaya ina kallonsa yana tafiya. Ashe mu biyu ne. Na ɗauka in na ji haka zan ji sauƙi, ko in ji haushinsa. Ko ɗaya ban ji ba.

Na wuce shi na isa bakin ramin. Ba zan ɓoye ba, wani abu nake nema. Na ce ko Festy ya bar alamar da za ta nuna ya fara saukowa, ko ya jefa 'yan tubala a lambatu, ko ya yanka kaɗan, ko wani abu dai da zan riƙe in ce ai da ya rayu da ya sa hannu. Shebur ɗinsa na nan a kafe a jikin ramin. Mai yanka in ya gama na shekara, wanke shebur yake yi ya kai gida. In ya kafe shi ya tafi, gobe zai dawo ke nan. Gaba kaɗan kuma har ya share ciyawar saman inda zai yanka baɗi, ya jera ta gefe tsaf. Mutumin nan bai sauko ba ko da taku ɗaya. Ya mutu yana kan bakansa, kuma da ya ga abin da ke ƙasan kwandona da ya jefa shi a rami.

Na koma inda kwandon yake, na ɗage tawul, na ciro takardar. Hira ta tsaya.

"Packie, ba ni alƙalaminka na cika takardar caca."

"Nuala," in ji Malachy. Ya biyo ni, fuskarsa ta yi ja. "Ya ƙi. Har ya mutu ya ƙi."

"Na sani. Ga shebur ɗinsa can yana faɗa."

"To don me?"

"Baɗi wa zai yanka? Kai za ka shiga rami in cafe maka? Ko ni zan shiga ka cafe mini, da bayan nan naka?"

Ya dubi hannuwansa.

"Cathal ba zai dawo ba, kai ma ka sani," na ce. "Aikin mutum biyu ne, Malachy. Shi ya gwada shi kaɗai, mun ga inda ta ƙare. Ni da kai muka bar shi. In mun ƙi sa hannu har mu mutu, ba zai mayar da mu watan Mayu ba. Fadamar ce kawai za ta ci gaba da bushewa, ba mai yanka, ba mai jin ɗumi."

"Cin amana ne."

"To. A rubuta a kaina, dama akwai wani a rubuce."

Na shimfiɗa takardar a kan murfin tarakta, ƙarfen da zafi, na sa hannu. Alƙalamin ya ƙi yi sai da na goga shi a tafin hannuna. Dervla ta zo ta karɓa, ta buɗe baki za ta yi godiya.

"Ba a godiya ranar gayya," na ce. "Je ki ɗauki tubali."

Kafin rana ta faɗi an cika mini rumfar bayan gida har rufi. Na bara da ya rage yana gaba ta bakin ƙofa, na bana yana baya. Malachy ya yi aiki fiye da kowa, ya tafi bai sha shayin ƙarshe ba. Bayan kwana tara, an ce, ya tarar da motar 'yarsa a ƙofar kanti gilashi a buɗe, ya jefa tasa takardar kan kujera ya wuce. Har yanzu in an tambaye shi cewa yake yi iska ce ta ɗauke ta.

Motar haƙa ta shiga mako na ƙarshe na Agusta. Ina jin ƙugin ta daga kicin, kwana goma sha biyu. Dervla ta zo ta tambaye ni shebur fa, a ciro mini? Na ce a bar shi inda mai shi ya bar shi. Cikin Nuwamba ta zo da hotuna a waya: ruwa ya kwanta a ramuka, gansakuka ta fara yin kore a gefe, shebur ya nutse saura mariƙi. Tana ta murna, tana cewa nan da shekara goma ba za a gane wurin ba, wataƙila ma tsuntsun ya dawo. Na ce madalla. Da gaske nake, abu ne mai kyau, na san mai kyau ne kamar yadda na san ranar Talata ce.

Sanyi ya shigo. Na fara da na bara, mai shatin yatsuna. Kullum bokiti biyu, safe da yamma, ina ci daga gaba ina matsawa baya. Ban yi tunanin inda hakan zai kai ni ba, ko kuma na yi na ture.

Ran sha tara ga Janairu, da safe, ƙanƙara ta rufe tsakuwar ƙofar gida. Na shiga rumfa da bokiti na tarar nawa ya ƙare. Saura ɓarɓashi a ƙasa, sai bangon na Festy daga nan har rufi. Na daɗe a tsaye har yatsun ƙafata suka mutu. Akwai hita ta lantarki a ɗakin Cathal, na yi tunaninta. Sai na ji kamar muryarsa yana cewa mako uku ya yi yana hawa da sauka, a bar shi ya zama abincin ɓeraye? Na zaro ɗaya. Na sa yatsuna a ramukan, suka yi mini yawa, kamar yaro ya sa takalmin ubansa. Na cika bokitin.

Na ɗora shi a kan garwashi na zauna. Ya kama kamar kowane tubali, ƙamshin ma ɗaya ne. Mai kyau ne, busasshe, daga ƙasan rami inda ƙasar ta fi baƙi. Irin wannan in ya cinye ba ya rushewa, yakan zama farar toka yana nan da siffarsa sai an taɓa shi. Na zauna ina kallo har ya yi fari fat, kuma ramukan suna nan a gefensa, uku da rabi. Ɗakin ya fara hucewa. Ban ƙara wani ba, ban taɓa ƙarfen tona wuta ba, numfashi ma a hankali nake yi.

Sai ƙofa ta buɗe da kafaɗa.

"Matar yaya, kina raye? Na kawo miki..."

Iska ta shigo ta bi ta kan murhu. Tokar ta zauna, ta zama toka kawai.

"Rufe ƙofar," na ce. Muryar da ta fito ba irin wadda na yi wata bakwai ina amfani da ita ba ce. "Malachy, rufe ƙofar nan!"

Ya rufe. Ya dubi murhu, ya dubi bokitin, ya ga na wane ne a ciki. Ya ajiye ledar da ya kawo, ya cire hula, bai sake sawa ba.

"Da na je," na ce. "Kwana takwas ne kawai. Da na je na cafe masa, mu yi faɗan a can."

Matar gidan ta dawo, kuma ba ta zo da sauƙi ba. Kewarsa ta kama ni, na kifa kai a gwiwa na yi kukan da ban yi a coci ba. Malachy bai ce in yi haƙuri ba, ya san ba shi da bakin faɗa. Ya jawo kujerar yayansa ya zauna a bakinta. Da wutar ta kusa mutuwa sai ya sunkuya ya ɗauki tubali ɗaya daga bokitin da hannu biyu, ya riƙe shi ya daɗe, sannan ya miƙo mini.

Na cafe.